Fatalwar Tsohuwar Gada: Sharhi a kan Fassara da Rabon Labarun Mashigin Ruwa a Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wani rukuni na adabin baka wanda masu tattara zantuttukan gargajiya suka saba yi wa laƙabi da "tatsuniyoyin fatalwar tsohuwar gada". Muna nufin labarun nan da direbobi da fatake da ƴan kabu-kabu suke bayarwa game da abin da ake gamuwa da shi da dare a kan gada ko a ƙarƙashinta: mace mai fararen tufafi da ta tsai da mota, ko fitilu da hayaniyar kasuwa a inda babu gari, ko kuwa mota da ta mutu haka kawai a tsakiyar gada, ta ƙi tashi sai da aka yi addu'a. Za mu dubi al'amarin ta fuskar gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, tare da waiwayen abin da manazarta suka rubuta game da wasu sassan ƙasar Hausa.

Ra'ayinmu shi ne, kowace kalma a cikin wannan laƙabi tana da abin gyara. Labarun ba tatsuniyoyi ba ne, abin da ake cewa an gani galibi ba fatalwa ba ce, kuma tsufan da ake jingina wa gada na mashigin da aka ɗora ta a kai ne. Wannan magana ta wuce gardamar masana. Tun da kundin da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, aikin shirya littattafan makaranta da na yaƙi da jahilci zai ƙaru, kuma duk sunan da aka laƙaba wa wani abu a littafin farko, da wuya a iya cire shi a na biyu.

2. Wurin da ake magana a kai

Magarya da Dungas suna kudancin Damagaram, a bakin iyaka da Nijeriya. Dungas tana daga cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, tare da Mirriya da Waca, kuma ta kasance cikin gundumar Magarya har zuwa 2011, sa'ad da aka ba ta gunduma ta kanta. Ƙasa ce ta rairayi wadda kwaruruka da fadamu suka ratsa. Mafi shahara a cikinsu ita ce Ƙorama, wadda sunanta ma sunan gama-gari ne na kowane ƙaramin ruwa mai gudu, aka mai da shi sunan yanka. A waɗannan kwaruruka ruwa yana kusa da bisa, shi ya sa ake noman rake da rogo da kayan lambu. Da rani mutum yana iya ƙetare yawancinsu da ƙafa, amma da damina, bayan ruwan dare ɗaya, wurin da aka bi jiya yana iya cinye jaki da kayansa.

Ta wannan ƙasa ce hanyar mota ta bi daga Damagaram zuwa Bande da Magarya da Tinkim, ta shiga Nijeriya ta nufi Kano. Hanya ce ta gyaɗa a zamanin da gyaɗa take kan gaba a cinikin Nijar da ƙasashen waje, hanya ce kuma ta ƴan ci-rani har gobe. Saboda haka masu ba da labarun nan mutane ne da suke tafiyar dare a kan larura, kuma sun san kowane wuri da sunansa.

3. Gada da mashigi

Kalmar gada baƙuwa ce a Hausa. Masu ƙamus sun nuna an aro ta ne daga kalmar Ingilishi girder, wato dogon ƙarfen nan da ake shimfiɗa gada a kansa, kuma ga alama ta bazu ne tare da aikin hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano a 1911. Abin lura shi ne, mutanen Magarya da Dungas, waɗanda Faransa ta mulka, kalmar da ta fito daga Ingilishi suka riƙe. Harshe ya bi hanyar kasuwa, bai bi tutar mai mulki ba. Kafin zuwanta, Hausa tana da kadarko, wato itatuwa ko giginya da ake gittawa a kan rafi ko gwalalo, tana kuma da mashigi, wato inda ake shiga ruwa a ƙetare, da mashaya, inda dabbobi suke shan ruwa.

Wannan ɗan tarihin kalma yana da amfani ga mai nazari. Gadar siminti da ƙarfe a wannan yanki ba ta wuce ƙarni na 20 ba. Wanda ya karanta labarun gadojin Turai, irin su gadar Valentré ta birnin Cahors a Faransa wadda aka gina a ƙarni na 14, ya zo ƙasar Hausa da tunanin cewa daɗewar gini ita take jawo masa labari, zai yi kuskure. Injiniya yakan ɗora gadarsa ne a inda hanya ta riga ta saba ƙetare ruwa, wato a kan tsohon mashigi ko kusa da shi. Mashigi kuwa a tunanin Bahaushe yana da mai shi tun kafin a san siminti. Bori ya san Sarkin Rafi. Greenberg, a nazarinsa na 1946 a kan Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna cewa iskoki suna da mazauni sanannu, kamar tsamiya da kuka da rijiya. A Daura, wadda take maƙwabciyar Magarya ta tsallaken iyaka, labarin rijiyar Kusugu ya tsaya ne kacokan a kan macijiyar da ta mallaki ruwa, ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Wannan ita ce ƙirar asali: ruwa yana da mai shi, kuma ana kusantarsa ne bisa sharaɗi.

A nan ne bambanci da Turai ya fito fili. A labarin da masu jera tatsuniyoyin duniya suka ba lamba 1191 a jadawalin Aarne da Thompson, Shaiɗan ne yake gina gada, da sharaɗin a ba shi ran wanda ya fara hawa, sai mutane su yi masa wayo su kora kare ko kyanwa. A labarun ƙasar Hausa kuwa iska ba magini ba ne. Mai gida ne da aka yi gini a ƙofar gidansa ba tare da sallama ba. Wanda ya cusa labarun Magarya a ƙarƙashin waccan lamba domin kawai akwai gada a cikinsu, ya haɗa abubuwa biyu da ba su da uwa ɗaya.

Akwai kuma wata gada da Bahaushe ya sani tun kafin ta ƙarfe, ita ce Siraɗi, wadda malamai suke siffantawa a wa'azi, kuma waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 suka yawaita ambato. Ƙetarewa, a wannan tarbiyya, lokaci ne na hisabi. Ba abin mamaki ba ne idan matafiyi ya yi bisimilla a bakin gada ko da bai taɓa jin labarin komai game da ita ba.

4. Fatalwa, kurwa, iska, aljan

Matsala ta biyu ta fassara ce, kuma ta fi shafar waɗanda suka yi karatu da Faransanci. Mai tattarawa yakan ji labari da Hausa, ya rubuta taƙaitawa da Faransanci ya sa fantôme ko revenant, daga baya wani ya mai da taƙaitawar Hausa ya sa fatalwa. Ta haka kalmar da mai ba da labari bai furta ba takan shiga bakinsa. Hausa kuwa ta rarrabe abubuwa huɗu:

(a) Kurwa: abin da yake tare da mai rai, wanda ake cewa maye yana kamawa.

(b) Fatalwa: siffar wanda ya riga ya mutu, wadda ake cewa an gani. Sharaɗinta shi ne a san mamacin, ko a iya gane shi.

(c) Iska, jam'i iskoki: halitta mai mazauni da suna da hali, wadda bori yake hulɗa da ita, kamar Doguwa da Sarkin Rafi.

(d) Aljan: kalmar da ta zo daga Larabci tare da Musulunci, wadda a yau ta kusa mamaye gurbin iska a bakin yawancin mutane. Akan kuma kauce wa sunan gaba ɗaya a ce mutanen ɓoye.

In aka auna labarun gada da wannan ma'auni, za a ga mafi yawansu suna faɗawa ne a (c) da (d). Macen da ta tsai da mota ba a cewa ƴar wane ce da ta rasu shekara kaza. Alamar da ake gane ta da ita a jikinta take: in an dubi ƙafarta sai a ga kofato. Kofato kuwa shaida ce ta cewa ba ƴar Adam ba ce tun asali. Wannan ya raba ta da takwararta ta Amurka, wadda Brunvand ya sa wa littafinsa na 1981 sunanta, The Vanishing Hitchhiker. A can, ƙarshen labari shi ne direba ya je gidan da ta kwatanta masa, a gaya masa ta daɗe da mutuwa. Waccan fatalwa ce ta sosai. Ta ƙasar Hausa aljana ce, ko da yake su biyun a bakin hanya suke tsayawa da dare.

Dalili na addini ma yana nan. A koyarwar malamai, wanda ya mutu yana barzahu, ba ya komowa yawo a duniya, alhali samuwar aljanu tabbatacciya ce, har da sura guda a Alƙur'ani mai sunansu. Don haka ko a inda aka ce an ga wani da ruwa ya ci a mashigi, bayanin da ake bayarwa sau da yawa shi ne aljan ne ya ɗauki kamarsa. Mai fassarar da ya sa fatalwa a nan ya jingina wa mai magana aƙidar da shi kansa zai musanta in an karanta masa. Ba mu ce kalmar ba ta da gurbi ba. Muna cewa ne a bar ta a inda mai labari ya sa ta, kada a kai ta inda bai sa ba.

5. Tatsuniya ko labari

Tun a littattafai uku na Frank Edgar, waɗanda aka buga tsakanin 1911 da 1913, malaman da suka rubuta masa sun san bambancin tatsuniya da labari. Bascom, a maƙalarsa ta 1965 game da sigogin zube na baka, ya kafa irin wannan iyaka: akwai abin da mai faɗi da mai ji suka yarda ƙirƙira ce, akwai kuma abin da ake bayarwa a kan ya faru, a duniyar nan tamu, a zamani na kusa. Hausa ba ta buƙatar aron wannan rabo, domin yana cikin ginin maganar kanta.

Tatsuniya, ko gatana, tana da mabuɗi da marufi: a buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus". Da dare ake yin ta, galibi mata da yara, kuma ba ta da gari ko shekara. Labarin gada ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Manya maza suna ba da shi da rana tsaka a tasha ko a majalisa, kuma yana ɗauke da alamomi uku:

Na ɗaya, sarƙar shaida. Mai magana yakan faɗi daga wa ya ji: ƙanen maigidansa, ko yaron motar wane.

Na biyu, wuri da lokaci. Akan ambaci sunan mashigin, da ranar kasuwar da ake komowa daga gare ta, da ko damina ce ko rani.

Na uku, kalmomin nesanta kai. A dubi waɗannan jimloli uku da muka ƙera don misali:

(1) Ya ga mace a kan gada.
(2) An ce ya ga mace a kan gada.
(3) Wai ya ga mace a kan gada.

A (1) mai magana ya ɗauki nauyin zancen. A (2) ya miƙa shi ga jama'a. A (3) ya janye jikinsa, har da ɗan ƙamshin shakka. Mai ba da labari yakan fara da wai, in zance ya yi zafi ya yar da ita, sa'an nan ya komo gare ta a ƙarshe. Wannan kai-da-kawowa ita ce ma'aunin imaninsa da abin da yake faɗi. Mai gyaran rubutu da ya share wai domin yana ganin maimaici ce, ya mai da mai shakka mai rantsuwa. Wanda kuma ya ƙara "ga ta nan" a kai domin labarin ya dace da littafin yara, ya mai da shaida wasa.

6. Aikin Masquelier da iyakarsa

Nazari mafi muhimmanci a kan iskokin hanya a Nijar shi ne na Adeline Masquelier, wadda ta yi aiki a Dogon Dutsi cikin Arewa, musamman maƙalarta ta 2002 a mujallar American Ethnologist mai suna "Road Mythographies". Ta nuna cewa labarun da ake bayarwa game da babbar hanya mai lamba 1 suna ɗauke da abu biyu: tunawa da aikin tilas na zamanin mulkin mallaka, da kuma zuciya biyu da mutane suke da ita game da hanya, wadda take kawo arziki take kuma cin rai. Ta kuma kawo bayanin mutane cewa aikin hanya ya rusa mazaunin iskoki, shi ya sa suke huce haushi a kan matafiya.

Wannan bayani yana da ƙarfi, kuma ya dace da yankinmu ta wata fuska. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. William Miles, a littafinsa Hausaland Divided na 1994, wanda ya kwatanta Yekuwa ta ƙasar Magarya da Yardaji ta ƙasar Daura, ya nuna yadda mutane suke tuna mulkin Faransa da tsanani fiye da na Ingila. Hanyar da aka yi da gumin talakawa ba za ta rasa labari ba.

Amma akwai iyaka biyu da ya kamata a kiyaye. Ta farko, da Ingilishi aka yi rubutun, maganganun masu ba da labari kuma a fassare suka zo. Mai nazarin al'umma ya sami abin da yake nema, amma mai nazarin harshe ba zai iya bin sawun wai da an ce ba, ba zai kuma ji karin harshen ba. Hausar Arewa tana cewa sunka da anka, ta gabas tana cewa suka da aka, kuma labari kusan dukansa da wannan shuɗaɗɗen lokaci na biyu ake saƙa shi. Ta biyu, hanya da mashigi ba abu ɗaya ba ne. Kwalta sabuwa ce, don haka yana da sauƙi a karanta labarinta a matsayin martani ga zamani. Ruwa kuwa yana cin mutane tun kafin zuwan Nasara. Wanda ya ɗauko sakamakon Dogon Dutsi ya kifa shi a kan Ƙorama ba tare da tambaya ba, zai ga mulkin mallaka a ko'ina, ya kasa ganin tsohon mai ruwa da yake ƙarƙashi. Laifin ba na marubuciyar ba ne, na mai aro ne da bai auna ba.

7. Jita-jitar kan mutum

Akwai reshe ɗaya na waɗannan labaru da bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba, shi ne zancen cewa gada ba ta tsayawa sai an binne rai a gindinta. Wannan jigo ya game duniya. Girkawa suna da shi game da gadar Arta, inda ake cewa sai da aka binne matar babban magini. A watan Yuli 2019, a Bangaladash, jita-jitar cewa ana neman kawunan yara don gadar kogin Padma ta sa taron jama'a suka kashe mutum aƙalla takwas da aka zarga da satar yara. A nan ne rabon da muka yi a sashe na 5 yake nuna amfaninsa. Tatsuniya ba ta sa a ɗauki sanda, domin kowa ya san Gizo ba ya nan. Labarin da ake bayarwa a kan gaskiya ne, mai sunan wuri da sarƙar shaida, shi ne yake iya juyewa ya zama zargi a kan baƙo ko mahaukaci ko lebura. Mai shirya littafi da ya ɗauke shi tatsuniya bai san abin da yake riƙe da shi ba.

8. Shawarwari ga masu tattarawa da masu tsara karatu

Nijar tana da tsohuwar gogayya a wannan fage: aikin yaƙi da jahilci tun 1963, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, da taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980. Bisa wannan tushe muke ba da shawara kamar haka:

(a) A ɗauki magana da na'ura, a rubuta ta yadda aka faɗe ta, da karin harshenta, kafin a yi kowace fassara. Daidaitacciyar Hausa ta zo a layi na biyu.

(b) A rubuta sunan mashigin na gargajiya tare da sunan da ma'aikatar ayyuka ta ba gadar. A tambayi tsofaffi abin da ake faɗi game da wurin kafin a yi ginin.

(c) A bar wa mai labari kalmarsa: iska, aljan, mutanen ɓoye ko fatalwa. A ƙamus na harshe biyu kowace ta sami gurbinta dabam.

(d) A littafin koyon karatu a kula da cewa rubutunmu ba ya nuna karin sauti, don haka gada ta ƙetarewa da gada ta daji kamarsu ɗaya a takarda, kuma ƙugiya da tsawon wasali ne suka raba su da gaɗa ta ƴan mata. Jimlar farko ta fayyace wadda ake nufi.

(e) In za a sa irin wannan labari a littafin manya, a sa shi a ƙarƙashin labaru, a biyo shi da tambayoyi: wa ya gani, wa ya faɗa, a wane wata ne, ruwa yana ina a lokacin. Manomin da ya koyi neman wai a cikin rubutu ya koyi abin da zai auna jita-jita da shi. Sau da yawa kuma amsar tambayoyin za ta nuna cewa wurin da ake tsoro shi ne wurin da hanya ta ƙuntata, ko inda ruwa yake hawa kan gada da damina.

(f) A guji rubuta "camfi" a kan shafin a wuce. Dattijon da aka ce wa abin da ya sani jahilci ne, ba zai dawo aji gobe ba.

9. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa labarun gada na Magarya da Dungas suna da hawa uku: tsohon imani da mai ruwa, tunawa da wahalar aikin hanya, da tsoron tafiyar dare ta yau. Fassarar da ta kira su tatsuniyoyin fatalwa tana rufe hawa ukun da murfi ɗaya na aro. Aikin da yake gabanmu shi ne a bi Ƙorama da rassanta mashigi bayan mashigi, daga Bande zuwa Malawa, a rubuta abin da ake faɗi da bakin masu faɗinsa, tun tsofaffin da suka san wuraren kafin siminti suna raye.